Filashin da ya cinye muryar Inna

Daren Talata, Onitsha

Wa ya ce inji ba ya ƙarya? Na sha karantawa cewa duk abin da ka jona wa kwamfuta, shi ke gaya mata sunansa da girman cikinsa, ita kuwa ta yarda. Filashin ajiye bayanai da na sayo a kasuwa ya ce mata cikinsa ƙato ne, ashe ɗan mitsitsi ne. Na juye saƙonnin muryar marigayiya Inna a ciki, na goge na wayar Baba da ta cika. Yau na buɗe, sunayen saƙonnin na nan, murya babu.

Bayan isha'i Baba ya ce, "Sani, kunna mini ita in ji." Na ce masa babu caji.

Na san ba za ta dawo ba. Amma gobe sai mai shagon da ya sayar mini da shi ya tsaya tsakiyar layin kasuwa ya gaya wa jama'a inda muryar uwata ta shiga.