Bencin da Aka Bar wa Matattu

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Ka san tun rasuwar tsohon fastonmu muke zaune babu makiyayi. Sai ga wani mai wa'azi mai sanyin murya, dattawa suka ba shi mumbari ba su tambaye shi abin da ya gaskata ba. Bayanin bangaskiyarmu ta Baftis da ke rataye a bakin ƙofa, wanda muka koya a ajin baftisma, mai wa'azin ya sa aka sauke shi, wai takarda tana ɗaure Ruhu. Ba wanda ya hana shi.

Daga nan ya ce a bar bencin gaba ba kowa, na waɗanda suka riga mu ne. Yaya, da rana tsaka, tagogi a buɗe, sai ya katse wa'azi ya juya wajen bencin nan yana gyaɗa kai kamar mai sauraro. Wata Lahadi ya yi irin gyaran muryar marigayi Baba, ya kira ni Tsuntsuwa, sunan da Baba kaɗai yake kirana da shi, ko mijina bai sani ba. Inna kuwa ta fashe da kuka, ta je tana share bencin da gefen zanenta.

Da dattawa suka same shi, ya tambaye su a hankali wace koyarwa ya saɓa. Kowa ya faɗi tasa, har suka kaure da gardama a gabansa, yana murmushi. A nan na gane amfanin bayanin nan. Bai maye gurbin Littafi Mai Tsarki ba, amma da shi bakinmu yake zama ɗaya.

A taron membobi aka karanta shi da ƙarfi, aka nemi mutumin ya amince cewa Littafi Mai Tsarki ya isa, kuma Almasihu kaɗai ne matsakanci. Ya daɗe yana kallon bencin, sannan ya ce an hana shi. Aka sallame shi. Mutane da dama sun bi shi, har da Inna. Don Allah ka kira ta, kai take jin maganarka.

Ka gaishe mini da Anti da yara, da Kawu idan kun haɗu. Mijina da Goggo suna gaishe ka. Inna ma tana gaishe ka, ta kuma ce in rubuta cewa Baba yana tambayar yaushe za ka zo. Ban so rubutawa ba, amma tana tsaye a kaina.

Taka ƙanwa,
Auta