Sittin Cikin Ɗari na Nawa?

Kafanchan, Laraba da dare, Yuli 1976

Yau ma Oga Bitrus ya ci mini mutunci a ɗakin gwaji, a gaban Sista, babbar nas. A kan jinin Mama Saratu ne, mai shan maganin taifot. Ya leƙa madubin duba ƙwayoyin jini ya ce nutrofil, ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, sittin cikin ɗari ne, lafiya lau, a sallame ta.

Na ce, "Oga, sittin cikin ɗari na nawa? Fararen ƙwayoyin jininta duka ɗari bakwai ne, maimakon dubbai. In ka buga lissafi, ɗari huɗu da ashirin ke nan. Ko ƙurji zai iya kai ta kabari."

Ya yage takardar da na yi lissafin a kai, wai mai wanke kwalabe bai isa ya koya masa aiki ba. Ni da na shekara tara a kan madubin nan.

Sista ta yarda ta riƙe Mama a gado. Na tsince takardar, na liƙe ta. Gobe sai Likita ya zo zagaye, Oga yana tsaye yana washe baki, sannan in miƙa ta, in ce Oga ya buga mana lissafin da kansa.

Fasto ya ce mu riƙa yafewa. Zan yafe wa Oga jibi.