Ƙarfen da Ya Ƙi Miƙewa

Buza, Yuli 1966

Zuwa ga Malam Surajo na ma'aikatar tarabo mai ginin hanyoyi, Madawa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya da iyali. Matata Lidiya tana gaishe ka.

Ka san yadda nike koya wa ɗalibaina juriyar ƙarfe, don wurinka na koya: mu aza dogon ƙarfe bisa duwatsu biyu, su hau ya lanƙwashe, su sauka ya miƙe, mu auna. To, makon jiya ruwa ya ci ɗalibina Ɗantala a ƙoramar Tama, inda muke ginin kadarko. Shi ke tsayawa tsakiya kullum, don ya hi kowa jiki.

Jiya munka hau, munka sauka, ƙarfe ya ƙi miƙewa. Na ce su lissafa nauyin da zai riƙe shi haka. Amsarsu duka ɗaya: mutum guda, a tsakiya. Ba wanda ya dubi wani. Malam, tsoro nike ji.

Naka, Andarawus

Madawa

Kai Andarawus!

Na amsa gaisuwa, a gaida Lidiya. Allah ya jiƙan Ɗantala. Amma wallahi ka ba ni kunya. Ƙarfe in ya wuce iyakarshi ba ya komawa, wannan ko ɗan ajin farko ya sani. Shekara nawa kuna tsalle a kanshi? Ya gaji ne kawai. Ga sabon ƙarfe nan na aza a kamyo, babbar motar simintinku. Ka bar tsoratar da mutane, kumandan na son a buɗe kadarkon kahin ruwa ya yanke hanyar kasuwa.

Ka huta lahiya. Surajo

Buza

Malam, gaisuwa.

Sabon ya iso. Munka aza shi bisa duwatsu da rana tsaka, ba wanda ya taɓa shi. Muna kallo ya sunkuya a hankali, yadda yake yi in mutum ya taka. Ɗalibi guda, Zakariya, ya ce mini, "Mushe, Ɗantala ya hau." Rabin ajin ba su komo ba.

Na tahi Tama na auna kadarkon. Ƙarhen tsakiya ya sauka, daidai gwargwadon nan. Malam, ni na lissafa kayan da zai ɗauka: kamyo, raƙuma, 'yan kasuwa. Ban sa matacce ciki ba, kuma ban san ko nauyinshi zai tsaya nan ba. Ba ni barin mata da goyo su hau haka. Gobe zan koma in tsaya tsakiya in roƙi Ɗantala ya sauka. Bai taɓa ƙin maganata ba. Hadari na haɗuwa gabas, amma ba ni jira.

Ka sa ni addu'a. Andarawus

Buza

Baba Surajo,

Lidiya ce ke gaishe ka. Maigida ya tahi Tama makon jiya, ruwa ya sauko, ba a gan shi ba har yau. Kadarkon yana tsaye, sun ce ya miƙe sarai, an buɗe shi.

Ƙarhen da ke bakin lakwal, makarantarsu, shi ne ya ƙara sunkuyawa. Zakariya ya auna yana kuka, ya ce yanzu mutum biyu ne.

Sabon mushe, malamin da anka aiko madadinshi, ya ce a ɗauke ƙarhen gobe. Baba, ni ban san lissahi ba, kai ka sani. Don Allah ka rubuto mishi ya bari. Ba ni da kabarin da zan je.

Ɗiyarka, Lidiya