Ƙuri'ar Yaya Odessa

Houston, Oktoba

Yaya Odessa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki mai sanar da zuwan ruwan sama tun kafin rediyo ya sani. Ni lafiya lau, kunnuwa ne dai suka ƙarasa tafiya. Injin jirgin ruwa ya cinye rabi, tsufa ya cinye sauran. Don haka ki daina kirana a waya kina ihu, maƙwabtanki kaɗai ke ji. Ki rubuto, ai ke malama ce.

'Yata Corinne ta aiko mini cewa wa'adin makarantar Bayou Fontaine ya cika, kuma hukumarku ce za ta ce a sabunta ko a rufe. Ni har gobe ban gane tsarin nan ba. A zamaninmu makaranta makaranta ce. Yanzu wai gwamnati ta ba da kuɗi, wata ƙungiya ta riƙe makaranta bisa yarjejeniya, ku kuma tsofaffin shugabannin makarantu bakwai ku zauna da tabarau a kan hanci kuna yanke hukunci.

To, ga roƙona. Kin san jikata Celeste a can take. Kin tuna makarantarta ta farko, kullum da safe kuka har da amai? Yanzu ita ke tada uwarta daga barci. Har ƙaho take busawa a ƙungiyar kiɗan makaranta, Corinne ta ce karnukan unguwa na taya ta. Shugaban makarantar kuma, Terrence Guidry, ba yaron nan ba ne mai manyan kunnuwa da kika koyar, wanda ke ɗauko miki jaka?

Yaya, ban taɓa roƙonki komai ba, in ban da keke da kuma ranar aurena. Ki bar musu makarantarsu.

Ki ci mini jan wake da shinkafa ranar Litinin. Na garin nan ba shi da gishirin kirki.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Alphonse


New Orleans, Nuwamba

Ƙanena Alphonse,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta iso. Gwiwa tana gaida kunnuwa.

Da farko, na sanar da hukuma cewa jikar ƙanena tana makarantar, kuma shugabanta ɗalibina ne a da. Lauyanmu ya duba, ya ce ba abin da zai hana ni jefa ƙuri'a. Wallahi na so ya ce akwai.

Mun kai ziyara makarantar makon jiya. Ana yayyafi, Terrence yana tsaye a bakin ƙofa da laima, yana gaida kowane yaro da sunansa, har yana tambayar wani yadda haƙorin kakarsa yake. Da ya gan ni ya rungume ni har tabarau ya karkace. Kunnuwan suna nan, kan ne ya girma ya tarar da su. Makaranta tsaf, abinci mai kyau, ba duka ba tsawa. Na shekara talatin da ɗoriya ina shugabancin makarantu, ban taɓa shiga inda yara suke da kwanciyar hankali haka ba.

Amma ka san halina, ba na tsayawa a kan abin da aka shirya a nuna mini. Na ja ƙaramar kujera zuwa bakin aji huɗu, na riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya su karanta mini. Alphonse, mafi yawansu ba su iya ba.

Celeste ta zo da littafinta da gudu. Ta zuba karatu kamar ruwa, sai na lura idonta ba ya bin layi. Na buɗe wani shafin. Ta kalli hoton, ta shirya labari daga kanta, labari mai daɗi kuwa, da kada da wata tsohuwa. Na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya, na ce, "'Yar gidana, wannan fa?"

Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Kaka, don Allah kar ki faɗa wa Malam Guidry. Zai ji ba daɗi, yana ƙoƙari sosai."

Shekararta tara.

Na sami Terrence a ofis. Bai musa ba. Ya ce, "Malama, yaran nan a firgice suka zo mini. Na ce su fara son makaranta tukuna, karatu zai biyo baya."

Na ce, "Shekara biyar ke nan, Terrence. A ƙafa yake tahowa?"

Malamansa yara ne masu kirki, amma ba wanda aka koya wa yadda ake koyar da karatu, kuma duk shekara rabinsu ke tafiya. Shekara biyu da suka wuce hukuma ta gargaɗe shi a kan wannan. Ya yi alkawari, ya sayo littattafai, suna nan cikin kwali.

Na gaya wa Corinne. Ta ce ta san yarinyar na tafiyar hawainiya, amma gara haka da amai. Ta dai yarda ta riƙa kawo mini ita ranar Asabar.

Ban yanke shawara ba. Ka sa ni a addu'a, kuma ka rage gishiri.

Yayarka,
Odessa


Houston, Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa, amma a gurguje, don raina a ɓace yake.

Ki rufe makarantar nan! Ki sa kwaɗo, ki jefa mabuɗin a kogi. Ki manta da duk abin da na rubuta a baya, wani tsohon sakarai ne ya rubuta shi.

Kin san tun bara nake rubuta wa Celeste wasiƙa? Da manyan baƙaƙe, ina ba ta labarin jiragen da na yi aiki a ciki. Ita kuma sai ta aiko mini zanen jirgi. Na cika ƙofar firij da su, ina ta yi wa maƙwabta alfahari. Ashe uwarta ke karanta mata, ashe zanen shi ne iyakar abin da za ta iya aikowa. Yaya, ni ba na jin magana, ita ba ta karanta rubutu. To ta wace ƙofa zan yi hira da jikata? Shekara nawa suka rage mini da zan jira karatu ya biyo baya?

Na ajiye alƙalami na je na sha kofi, na dawo.

In an rufe, ina za a kai ta? A watsa yaran makarantu daban-daban, ta koma kukan safe? Shi kuma Terrence, na tuna ranar jana'izar mijinki, shi ya tsaya yana jera kujeru har aka watse. Ba mugu ba ne.

Ni dai ban sani ba. Shi ya sa ke aka ɗora a kujerar nan, ni kuma aka bar ni da kamun kifi. Duk abin da kika yi, kar ki gaya wa Corinne na ce a rufe. Ina son in ci abincin Kirsimeti lafiya.

Naki,
Alphonse


New Orleans, Disamba

Ƙanena Alphonse,

Ina gaishe ka da kyau. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, sai da aka gama na iya riƙe alƙalami.

An yi zaman ranar Talata da yamma. Zaure ya cika da iyaye cikin riguna masu ruwan ɗorawa, ƙungiyar kiɗan yara tana waje tana busa. Na tsinci ƙahon Celeste a ciki, ba ya ɓuya.

Hanyar rufewa ba wanda ya so ta. Saura biyu: a sabunta wa ƙungiyar Terrence, ko a bar yara a gininsu da abokansu amma a miƙa makarantar ga wata ƙungiya da ta ƙware wajen koyar da karatu. In aka yi haka, Terrence ya sauka.

Iyaye sun yi magana, wasu da hawaye. Corinne ta tashi. Ba ta kalli kowa ba sai ni. Ta ce, "Malama Lavigne, kin taɓa wanke aman yaro kafin ki tafi aiki?" Malama Lavigne fa, Alphonse. Yarinyar da na yi wa kitso ranar baftismarta. Ban san kalmar Goggo tana da nauyi haka ba sai da aka cire ta.

Terrence ya yi magana a ƙarshe. Bai ba da uzuri ko ɗaya ba. Ya ce a ƙara masa lokaci, zai gyara. Na yarda da gaskiyarsa har cikin zuciyata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yaran aji huɗu suna da lokacin da za su ara masa.

Aka fara kiran sunaye. Uku suka ce a sabunta, uku suka ce a miƙa. Shugaban zama ya ce, "Malama Lavigne." Wata mata a baya ta ce, "Ɗanki ne fa!" Na kalli Terrence, don ban ga dalilin da zan yi masa haka ina kallon tebur ba. Na ce a miƙa. Na kuma nemi a rubuta cikin sharuɗɗa cewa ba za a taɓa ƙungiyar kiɗa ba, kuma ba yaron da za a sallama. An amince.

Zaure ya kaure. Wani ya ce mini tsohuwa marar zuciya. A wajen fita gwiwa ta ƙi matakala, na tsaya riƙe da ƙarfe, mutane suna wuce ni. Sai na ji hannu a ƙarƙashin nawa. Terrence ne. Ya sauko da ni har mota. Da zai rufe ƙofa ya ce, "Malama, da zafi fa."

Na ce, "Na sani, ɗana."

Ya ce, "Ki ɗaura bel ɗin kujera."

Corinne ba ta ɗaga wayata. Asabar ta zo ta wuce, ba a kawo Celeste ba. Na toya mata burodin masara, na cinye shi ni kaɗai.

Ina ganin daidai na yi. Sai dai ba ya hana gida yin shiru.

Yayarka,
Odessa


Houston, Janairu

Yayata ta kaina,

Barka da sabuwar shekara. Na karanta wasiƙarki sau biyu, sannan na fita na zauna a mota, don kada karen gidan ya ga ina share ido.

Na rubuta wa Corinne. Na gaya mata da bakina, wato da alƙalamina, cewa ni ma na ce a rufe, har da jefa mabuɗi a kogi. Yanzu mu biyu take fushi da mu, kin sami abokin zama. Amsarta layi ɗaya ce: "Baba, kai da Goggo jirgi ɗaya ya kwaso ku." Ki lura da kyau, Goggo ta rubuta.

Taurin kan nan ba daga wajena ta samo shi ba. Na san wata yarinya da ta yi wata guda ba ta yi wa mahaifinmu magana ba saboda ya yanka kazarta.

Ina labarin Terrence? Ki ce masa wani kurma a Houston yana gaishe shi.

Ki riƙa cin abinci da mutane, ko da maƙwabciyar nan ce mai surutu.

Ƙaninki,
Alphonse


New Orleans, Fabrairu

Alphonse,

Gaisuwa da fatan alheri. Kazar tawa ce, ni na kiwata ta.

Terrence ya nemi sabuwar ƙungiyar ta bar shi a makarantar a matsayin malamin aji biyu. Sun ce sai ya koma horo tare da sababbin malamai. Ya ce ya ji.

Ranar Lahadi ina zaune a coci aka fara waƙa, sai wani ya ture ni da kafaɗa a kan benci. Corinne ce, Celeste a bayanta. Ba ta gaishe ni ba. Muka yi waƙa ɗaya, muka yi ta biyu. Ana cikin wa'azi ta sa hannu ta gyara mini hula, ta ce ƙasa-ƙasa, "Goggo, tun daga ƙofa ta karkace, kowa yana kallonki."

Maganar makaranta ba ta taso ba. Ban sani ba ko ta yafe, ban kuma tambaya ba. Amma hannun nan ya sauko daga hula ya tsaya a kafaɗata, bai tashi ba har aka ce amin.

Yayarka mai ƙaunarka,
Odessa