Baba da ɗakin baƙi

Magariya, daren Lahadi

Yau da la'asar kuran, wato wutar lantarki, ya dawo, yara suka kunna tele. Fim ne na wani ɗan beyar, dabba mai gashi buzu-buzu, da ya rabu da dajinsu, wasu mutanen birni suka riƙe shi. Baba ya jawo tabarma ya zauna, ko da yake ba ya jin Faransanci. Tun da na ɗauko shi daga ƙauyen Guci, bayan mun sayar da ragowar shanunsa, ban taɓa ganin ya kalli tele ba.

Beyar ɗin ya rasa yadda ake zama a kujera, ya ɓarar da abinci, yara suna ta dariya. Baba bai yi ba. Sai na tuna ranar da ya bar famfo a buɗe na ɗaga masa murya. Allah ya yafe mini.

Da fim ya ƙare ya tambayi autata Hadiza, "To yaushe za a mai da shi?"

"Kaka, ai ya samu gida!"

"Masauki ya samu, 'yar nan. Mutanen kirki ne dai."

Da na kai masa fura, kayansa na nan ɗaure a buhun da ya zo da shi, igiyar maruƙa a sama. Kullum ina gani, ina cewa rigimar tsufa ce.

Ɗazu matata ta tambaye ni fitila, na ce tana ɗakin baƙi. Ɗakin Baba nake nufi. Wata bakwai ke nan muna kiran ɗakin haka, yana jinmu.