Cokalin da Ke Gefen Hagu

Birnin Kudu, farkon damina

Zuwa ga Safiyatu, Maman Nasiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ruwa a Fagam? Allah ya sa shukar ta tsira da kyau.

Likita ce ta ce in riƙa rubutu da hannuna, shi ya sa na aiko da takarda maimakon waya. Ƙafar da hannun sun fara sakewa, alhamdu lillahi. Amma akwai abin da hawan jinin nan ya bar mini wanda ban gane ba sai yanzu. Malama Ummussalma, mai koya mana motsa jiki a asibiti, ta ce idona lafiyarsa ƙalau, hankalina ne ya daina kula da duk abin da ke hagu. Na musa mata. Ni da na shekara ashirin ina jan mota tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, a ce ba na ganin hagu?

Ba ta yi gardama da ni ba. Ta sa ƙanina Musbahu ya ba ni kwamfutarsa mai kamar allo, wadda ake taɓawa da yatsa, ya saka mini wani wasa. Za a nuna maka ɗaki cike da tarkace, a jera maka hotunan abubuwa a ƙasa, ka nemo su. Na ji kunya ƙwarai, babba da ni a miƙo mini gem kamar yaro. Na samo agogo, na samo mabuɗi, cokali ya gagara. Na rantse babu shi a hoton. Musbahu ya danna wurin taimako, sai ga shi yana ƙyalli a gefen hagu, ƙato, kusan tsawon yatsana. Safiyatu, ashe gaskiyar Malama ce. Na tuna da fasinjojin da nake ɗauka, da yaran da ke tsallaka titi a Zandam.

Ban ajiye abin ba. Zan koma bakin sitiyari in Allah ya yarda, kuma ta wannan ɗakin tarkacen zan bi.

Naki,
Badamasi

Birnin Kudu, tsakiyar damina

Zuwa ga Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya. Na ji an gama noma na biyu, Allah ya saka miki. Yaya tarin Inna?

Kin tambaya ko har yanzu ina wasan yara. Ina yi, safe da yamma, kuma bari ki ji halinsa. Wanda ya ƙirƙire shi bai san mu ba. Ya ce in nemo wani takalmi mai wuƙa a ƙasansa, wai na tafiya kan ƙanƙara. Abin da ban taɓa gani ba, ta yaya zan gane shi a ƙarƙashin kujera? Kuma akwai ha'inci. Za su manna laima a jikin silin, ko su yi wa almakashi launin labule. Wane mai hankali ke ajiye laima a silin? Idan ka fusata ka kama danne-danne, sai allon ya daskare, ya hukunta ka. Kana gab da gamawa lokaci ya ƙare, talla ta faɗo, wata mata tana rawa da sabulu. Daga nan a ce ranka na cikin wasan ya ƙare, ka jira ko ka biya. Ni jira nake, ina harararsa.

Akwai wani na jera 'ya'yan itatuwa uku-uku. Ya fi daɗi, har na kusa makara sallar la'asar a kansa, amma Malama ta ce ba shi nake buƙata ba. Na rage shi.

Duk da haka zan faɗi gaskiyarsa. Masu zuwa dubiya suna kallona da tausayi, su ce ai na warke. Wannan abin ba ya tausayina, ba ya kuma yi mini ƙarya. In na gani ya ce na gani, in ban gani ba ya tsaya yana jirana, ba ya gajiya. Na samo dabara: na ɗaura jan zare a gefen hagu na allon, ba na fara nema sai idona ya taɓa zaren. Shekaranjiya na gama wani kicin gaba ɗaya ban nemi taimako ba. Na yi kabbara har matar Musbahu ta fito da ludayi a hannu, ta zaci faɗuwa na yi.

Ki shafa mini kan Nasiha.

Mijinki,
Badamasi

Birnin Kudu, gab da kaka

Zuwa ga Safiyatu, Maman Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya baki ɗaya. Na so ki ji wannan daga gare ni kafin wani ya kai miki.

An gwada ni. Babban likita ya ce na samu ci gaba fiye da yadda suka zata, amma ba zan ja mota bana ba, baɗi ma bai yi alkawari ba. Na kawo masa labarin ɗakunan da na gama. Ya yi murmushi, ya ce hoto yana tsayawa ya jira ni, babur kuwa ba ya jira.

Na dawo gida na goge wasan. Na wuni ina ganin ya yaudare ni. Da na huce sai na ga bai taɓa yi mini alkawarin mota ba, ni na yi wa kaina. Na sa Musbahu ya mayar da shi. Duk matakan da na wuce sun tafi, na koma na farko, kuma ban damu ba.

Ga abin da na yanke. Motar zan ba Buba, abokina na tasha, ya riƙa ja, ba zan sayar ba. Jiya na je kasuwa ni kaɗai da sandata, na tsaya bakin titi, na juya kaina hagu da gangan, na ga mai amalanke tun daga nesa, na bar shi ya wuce, na tsallaka. Gobe ma zan je.

Zan dawo kafin yankan gero. Ina roƙonki abu guda, kada ki sauƙaƙa mini. A nan komai suna ajiye mini a dama don ƙauna, kuma ƙaunar tana cutar da ni. Buta, takalmi, rediyo, kwanon abinci, ki sa su duka a hagu, ko na yi faɗa kada ki kula. Ke ma in za ki zauna, ki zauna ta haguna, kada ki yi magana. Ki bari in juyo in same ki da kaina.

Ki gaishe da Inna da maƙwabta. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Badamasi Dabo