Ina Binciken Maganin Ruɓewar Haƙori, Nawa Ya Yi Kogo

Anti, don Allah ki taimake ni, abin ya sha kaina. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki. Muna nazarin wasu ƙananan sinadaran furotin da ake kira feftayid, masu kashe ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da haƙori. Ni ke rainon ƙwayoyin a faranti, ni ke ɗiga musu maganin. Amma ni ɗin nan, haƙorina na can ciki ya yi kogo har harshe na shiga. Alawa ce ta ja mini, ba na iya aiki sai da ita a kumatu. In zan yi dariya sai na ja takunkumi. A gida kuwa Mama ta gama shela cewa 'yarta ce za ta kawo ƙarshen ciwon haƙori, har jikokinta take turo mini in duba musu baki.

Yanzu shugabarmu ta ce ranar Litinin kowa ya ba da yawunsa a matsayin na masu lafiyayyen baki, a kwatanta da na marasa lafiya. In na bayar na yi shiru, na ɓata aikin mutane. In na faɗa, da wane ido zan kalle su? Likitocin haƙoran ma abokan aikinmu ne. Har na yi tunanin ɗibar maganin in kurkure baki a ɓoye. Wallahi kunyar ta fi ciwon damuna.

Mai Tauna da Gefe Ɗaya

Ƙanwata, sannu. Kin ba ni tausayi, kin kuma ɗan ba ni dariya, ki yafe mini. Kunyarki ba ta banza ba ce, amma ƙwayar cuta ba ta duba takardar makaranta kafin ta shiga baki.

Maganin nan kada ki taɓa shi. Kin fi ni sanin ba a gama gwada shi ba, kuma ko an gama, ba zai cike kogo ba. Ki je wani asibitin da ba a san ki ba, a duba haƙorin tun ana iya ceto shi. Alawa kuma a rage.

Kafin Litinin ki sami shugabarku ita kaɗai, ki ce a cire ki daga cikin masu lafiya. Kunyar yini ɗaya ce. In kika yi shiru kuwa, sakamakon ƙarya zai fita da sunanki a kai, kuma a bakin 'ya'yan mutane zai ƙare.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa a dace da maganin a hannunku.